Gonar da Gyaɗa ta Cinye

Unguwarmu tana bayan gari, wajen da ake zubar da toka, kuma kowa a ƙauyen ya san dalili. Kakanninmu ba da ƙafarsu suka zo Damagaram ba, da igiya aka kawo su, zamanin da sarakuna ke kai yaƙi kudu. Da Nasara ya zo aka ce babu sauran bawa. Igiya ta fita daga wuya, amma ba wanda ya yanka mana ko taku ɗaya na ƙasa ya ce ga naku. Saboda haka gidajen unguwarmu tara duk noman aro muke yi. Bulama, wato mai garinmu, shi ke nuna wa mutum daji, mutum ya sare ya noma, in kaka ta yi ya kai masa dami ɗaya na gero don a san ƙasa da mai ita.

Babana ya karɓi nasa dajin tun ba a haife ni ba. Jigawa ce mai rairayi, tafiyar hantsi daga kasuwar Gidimuni. Ranar da aka nuna masa ita babu komai ciki sai sabara da ƙarangiya. Shekara talatin yana bin ta. Da rani yakan roƙi Fulani su sauka da shanunsu su kwana ciki, ya ba su gero su bar masa taki. Duk ɗan gawon da ya tsiro sai ya kewaye shi da ƙaya kada awaki su ci, har suka zama manyan itatuwa sun fi ashirin. Yakan ce a da, wanda ya sare gawo a ƙasar Damagaram sai ya amsa a gaban sarki, don geron da ke ƙarƙashin gawo ba ya ba mai shi kunya. Ya rasu ina da shekara ashirin da 'yan kai, da mata da ɗiya ɗaya. Gonar ta dawo hannuna, ni da mahaifiyata, wadda muke kira Inna. Ban taɓa fasa kai damin bulama ba.

A shekarun nan ne gyaɗa ta haukata ƙasar. Da kaka kamiyo, wato manyan motocin kaya, ke shigowa har ƙauyuka, masu sikeli su kafa rumfa, buhuna su yi ta gangarawa Kano. Akwai wani Alhaji a Zinder mai sayen gyaɗa yana kai wa kamfanonin Nasara. Saye ya daina isar sa, ya so ya noma tasa, kuma ba gona ɗaya yake so ba.

Wata rana da bazara ina sharar gona sai na hango mutane suna jan wata sarƙa a kan rairayi, ɗaya yana leƙa wani ƙarfe mai ƙafa uku. Bayansu jakuna biyu ɗauke da turakun siminti. Wani mai babbar riga da laima ya nufo ni. Shi ne wakilin Alhaji, na san shi daga baya fiye da yadda na so.

Na gaishe shi, na ce, "Malam, lafiya kuke awo a gonata?"

Ya dube ni, ya dubi karan da na tara. Ya ce, "Gonar wa?"

"Tawa. Ta babana ce."

"To, ka je ka tambayi bulama. Amma ci gaba da sharar, ka rage mana aiki."

Ba ni kaɗai ba ne. Sarƙar ta bi ta kan gonakin gidajenmu tara, ta kauce wa na masu gado kamar tana da ido. Da la'asar muka taru ƙofar bulama. Inna ta biyo mu, ko da yake ba a saba mace ta zo irin wannan zama ba, ta tsaya daga gefen danga. Bulama ya fito da sabuwar riga wadda ba mu san shi da ita ba. Bai iya haɗa ido da kowa ba. Ya ce shi ma daga sama aka faɗa masa, kuma mu yi haƙuri, aro ai aro ne, ranar da mai abu ya so abinsa sai a ba shi.

Inna ta ce daga inda take tsaye, "Ranka ya daɗe, abin da ka ara wa maigidana daji ne. In mayarwa ta zo, ka nuna mana inda za mu samo maka daji mu biya ka. Gona kuwa ba kai ka ba shi ba."

Bulama ya ce a mayar da tsohuwa gida. Ba wanda ya tashi ya mayar da ita, shi ne ya tashi ya shige.

Kafin ruwa ya sauka aka sare itatuwan. Motar noma da Alhaji ya sayo, wadda suke kira tarakta, ba ta son itace a gabanta. Wakili ya aiko a tambaye ni ko ina son aikin saran, tunda na san wurin. Na ce a gaya masa hannuna ya bushe in na yi. Kwana shida ana sara, kuma daga tsakar gidanmu ana jin gatari. Inna tana daka, in itace ya faɗi sai ta tsaya da taɓarya a sama, ta saurara, sannan ta ci gaba. Ba ta yi kuka ba, ni ma ban yi ba. Abin da na ji ya fi kama da zazzaɓi. Har itacen ba su bar mana ba, kamiyo ya kwashe shi zuwa birni aka sayar wa masu tuya.

Na rantse ba zan taka gonar ba. Rantsuwar ta kai ni tsakiyar damina. Rumbu ya kai ƙasa, ɗiyata ta fara cin tafasa da dusa, sai na ɗauki hauyata na shiga layin 'yan ƙwadago. Na yi noman gyaɗar Alhaji a daidai inda babana ya koya mini riƙon hauya. Na san kowane tudu da kowane kwari a wurin, na san inda ruwa ke kwanciya, na san kututturen da ƙafata za ta ci karo da shi. Wakili yana bin mu a kan doki yana cewa mu sunkuyar da hauya, ba haka ake yi ba. Wannan maganar ta fi yunwar ci mini rai. Mutumin da tafin hannunsa ya fi na amarya laushi yana koya mini ƙasar da na yi rarrafe a kanta.

A unguwarmu akwai wani tsohon soja da muke kira Baba. Lokacin da Nasara ya nemi a ba shi samari don yaƙinsa, 'ya'yan masu gari ba su je ba, unguwarmu aka shigo aka kama, shi ne ya tafi. Ya dawo da lambar ƙarfe, da tari, da ɗan Faransanci. Bayan kaka ya ce mu tafi Zinder mu ga kumandan, Baturen da ke mulkin ƙasar, shi ya san Nasara, in ka zo masa da gaskiya a tsaye yakan saurara. Muka tafi mu uku, kwana biyu a ƙafa. Muka kwana uku muna zuwa ƙofar biro, wato ofishin kumandan, muna zama gindin bango tun safe, masu riguna suna wuce mu suna shiga. Ran na huɗu Baba ya maƙala lambarsa a ƙirji ya tsaya ƙyam gaban mai gadi ya sara masa, sai aka shigar da mu wajen wani ƙaramin kumandan, saurayi, jan fuska, yana ta gumi.

Ni na yi maganar. Na faɗi dajin, da takin, da itatuwan, da damin da muke kaiwa, ban rage komai ba. Tafinta ya juya ya faɗi abin da bai fi kalma goma ba. Baba ya ɗaga murya da Faransancinsa na bariki ya ce ba haka yaron ya ce ba. Baturen ya yi murmushi, ya tambaye shi inda ya yi yaƙi, suka ɗan taɓa hira. Na ce a raina Allah ya kawo mu. Sannan ya sa aka ɗauko wata takarda, ya karanta, ya buɗe hannuwa.

Na ce, "Baba, me ya ce?"

Baba ya ce, "Wai a takarda an rubuta wurin fili ne da ba kowa, ba mai shi. Wai in muna da tamu takardar mu kawo."

Ba kowa. Gida tara, da matanmu da 'ya'yanmu da matattunmu, shekara talatin muna zuba gumi a wurin, aka aiko mai awo ya leƙa ta ƙarfensa bai ga kowa ba. Ni ne ma na tsaya gabansa da kara a hannu na gaishe su. A hanyar dawowa Baba ya cire lambar ya sa a aljihu, ban sake ganin ta a ƙirjinsa ba.

Da bazara ta zagayo muka yanke shawara za mu yi binne. Binne shi ne a shuka iri a busasshiyar ƙasa tun ruwa bai zo ba, ya kwanta yana jira. Muka ce ba za mu yi shi a ɓoye kamar ɓarayi ba. Da hantsi muka fita, maza da sungumi a gaba, mata da ƙoƙon iri a baya suna zubawa suna takewa da diddige, kowa a tsohuwar gonarsa. Irin da muka shuka shi ne na ƙarshe a gidajenmu. Mutanen gari suka fito bakin hanya suna kallo, ba wanda ya ce mana sannu, ba kuma wanda ya hana. Bayan kwana tara aka yi ruwa mai ƙarfi. Geron ya fito layi-layi. Na je na tsuguna ina kallon sa kamar ban taɓa ganin tsiro ba.

Ya kai tsawon yatsa sai tarakta ta zo. Wakili na biye a kan dokinsa, da gardi biyu masu jar hula, 'yan sandan kumandan. Muka tsaya a bakin gona muna ta magana, kowa na faɗin tasa. Inna ta ratsa mu ta shiga cikin shukar, ta zauna a ƙasa gaban motar, ta miƙe ƙafafu kamar mai tsinar wake. Direban ya kashe inji.

Wakili ya ce, "Iya, tashi. Ba da ke muke ba."

Ta ce, "Ni da ku nake. Ku bi ta kaina, in ya so ku rubuta ba kowa."

Ya yi wa gardi ido. Ɗayansu ya kama ta ta hannu ɗaya ya ja ta a kan rairayi kamar buhu. Kallabinta ya faɗi, furfurarta ta bayyana a gaban maza. Daga nan ban san yadda aka yi ba sai ganin gardin na yi a ƙasa, ƙotar hauyata ta karye gida biyu. Sun ce na fasa masa kafaɗa. Aka ɗaure ni a bayan dokin wakili, ina tafe ina jin motar ta sake tashi a bayana. Ban waiwaya ba.

Wata huɗu na yi a kaso, gidan yarin Zinder, muna fasa dutse muna ɗebo ruwa. Ban yi nadamar dukan ba. Abin da na yi ta juyawa a raina shi ne gardin ma ɗan talaka ne, ƙila daga unguwa irin tamu, wanda ya kamata ƙotar ta samu kuwa yana zaune a inuwar zaurensa bai ko san sunana ba.

Na dawo gyaɗa ta nuna. Na tarar Baba ya bi gida-gida, har ƙauyukan da ke kusa inda Alhaji ke ɗiban 'yan ƙwadago, ya ce kada kowa ya taɓa ta. Duk manomi ya san sirrin gyaɗa. In ruwa ya ɗauke ba a cire ta da wuri ba, ƙasa ta bushe ta riƙe 'ya'yan, ka ja ganye ya zo hannunka, abin ya zauna a ƙasa. Tarakta ta iya huɗa, ba ta iya cira ba. Wakili ya zo ya yi lallashi, ya ƙara lada, ya yi zagi. Muka zauna gindin tsamiyar unguwa muna tufkar igiyar kaba. Yunwa muke ji ƙwarai, ba na ɓoye wannan. Gida biyu suka karaya suka tafi aikin, kuma har yau ban ga laifinsu sosai ba, don na san abin da ke cikin tukunyarsu.

Sai wakili ya kawo kamiyo cike da mutanen arewa, inda damina ta ƙi a shekarar. Na ga samarin unguwarmu suna ɗaukar sanduna. Inna ce ta hana. Ta sa mata suka dama kunun da ya rage, ita ta kai musu inda aka sauke su a rana ba ko rumfa. Ta zauna ta ba su labari tun daga farko. Shugabansu, wani dogon mutum mai rawani, ya ce, "Uwa, mun ji. Amma mu ma mun baro yara." Washegari rabinsu suka kama hanya da ƙafa, rabi suka tsaya suka yi aikin. Waɗanda suka tsaya ba su isa ba. Gyaɗa mai yawa ta zauna a ƙasa.

Ranar ce na fara ganin Alhaji da idona. Ya zo da ƙaramar mota baƙa, aka shimfiɗa masa buzu a ƙofar bulama, aka kira mu. Ɗan gajeren mutum ne mai sanyin murya, carbi a hannu. Ya kira mu 'yan'uwansa Musulmi. Ya ce shi bai ƙwaci gonar kowa ba, hukuma ta ba shi, da ya san da mutane a ciki da bai karɓa ba.

Na ce, "Alhaji, yanzu ka sani."

Bulama ya daka mini tsawa. Alhaji ya ɗaga hannu ya ce a bar ni, yaro ne. Sannan ya ce saboda Allah ya yanka mana gefen gabas, mu raba mu tara, mu kuma cire masa abin da ya saura. Gefen gabas shi ne wanda ke gangarawa bakin kwari, inda kanwa ke fitowa fari-fari a kan ƙasa. Shi ya san haka, mu ma mun sani. Baba ya ce a rubuta a takarda. Alhaji ya yi dariya ya ce tsakanin Musulmi magana ta isa. Muka karɓa. Abin da ya faɗo wa gidanmu bai kai rabin rabin gonar babana ba, kuma geron da ya yi a wurin bai taɓa wuce ƙugu ba. Duk da haka shi ne abu na farko da wani a unguwarmu ya taɓa ƙwatowa daga hannun mai riga, kuma Inna ta shuka shi damina biyu kafin ta rasu.

Ana cikin haka siyasa ta shigo. Motoci da lasifika suka riƙa zuwa ranar kasuwa, wannan jam'iyya ta zo, waccan ta zo, kowacce ta ce in Nasara ya tafi ƙasa ta mai noma ce. Muka yarda, don muna son mu yarda. Wani malamin lakwal, wato makarantar boko, ya rubuta mana kukanmu da Faransanci, muka dangwala yatsu, muka ba wani ɗan takara a hannunsa. Ya sa a aljihun gaba ya dafa. Muka jefa ƙuri'a duk lokacin da aka ce mu jefa. Da aka sami mulkin kai na tafi Zinder da ƙafa don in ga bikin. An yi kiɗa, an ɗaga sabuwar tuta, ni ma na yi murna da gaske. Sai na ɗaga kai na dubi rumfar manya. Alhaji na zaune a layin gaba, ɗan takararmu na gefensa yana raɗa masa magana. Na fita daga taron tun ba a watse ba. Amsar takardarmu ba ta zo ba har yau.

Gonar ba ta daɗe ba. Gyaɗa bayan gyaɗa, ba taki, ba itace, ba hutu, ana tuge ta har saiwa ana barin ƙasa tsirara. Cikin 'yan shekaru iska ta kwashe abin da babana ya tara, rairayi ya fara rufe turakun simintin. Alhaji ya kwashe taraktarsa ya koma wani wuri inda aka sake auna masa. Bai saki namu ba. Da wani daga unguwarmu ya gwada shuka wake a ciki, wakili ya zo ya sa aka tuge. Samari suka watse, wasu Kano, wasu birni. Ni ma na koma Zinder ina dakon buhuna, a can na koyi karatun boko da girmana.

Ina gida ganin iyali aka kawo labarin Alhaji ya rasu. Bayan kwana uku wani ɗansa ya zo ƙauyen tare da malami, suka tara mu a masallaci bayan azahar, aka raba goro. Malamin ya ce mamaci ya bar wasiyya a bi duk inda ya yi hulɗa a roƙa masa gafara, wanda ya yafe Allah zai yafe masa. Mutane suka sunkuyar da kai suna cewa mun yafe, mun yafe. Baba ya tsufa ƙwarai lokacin, yana jingine da bango.

Na ce, "Malam, gonar tana cikin wasiyyar?"

Malamin ya dubi ɗan. Ɗan ya ce maganar gado ce wannan, sai an zauna.

Na ce, "To, in kun zauna ku dawo. Ni ban yafe ba."

Wani dattijo ya ja mini riga ya ce in ji tsoron Allah, mutum yana kabari. Na ce na sani, uwata ma tana can, sai su ƙarasa maganar. Na ajiye goron a kan tabarma na fita. Mutanen gari sun daɗe suna cewa na yi rashin kunya a ɗakin Allah, wasu sun daina amsa gaisuwata. Magadan ba su dawo ba.